Shekarar da Na Bar Yaya Habu a Ƙarƙashin Mota

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Sadiya na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, ya san kansa, yana ba baƙi tarihin gidanmu a zaure. Wai ni ne mai zuciyar nema, na fita na je Abuja na ɗaga gidan, shi kuwa Baba Habu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin jiki, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da man juye a kwalba a bakin titi. Ban tanka ba saboda idon jama'a, amma wallahi ranar ko naman ragon ban iya ci ba. Ba na ganin laifinku sosai. Kun tashi kun tarar da dattijo mai sanda wanda ba ya son surutu, sai kuka ɗauka haka aka haife shi. To ku gyara zama, ku ji wane ne yayana kafin shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula a karo na ƙarshe.

Ni da Habu uwa ɗaya uba ɗaya muke, a gidanmu na Koki aka yanke mana cibi. Shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana rarrafe, ita ce kuwa ƙafar totur da birki, saboda haka har ya koma ga Allah bai taɓa tuƙa mota ko daga nan zuwa bakin lungu ba. Amma ku je ku tambayi tsofaffin direbobin tasi, in akwai sauran masu rai, wa ya fi shi sanin ƙasan mota a tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da Shahuci. Garejinsa a gindin badala yake, rumfar kwano ce da rami da wani katako mai ƙananan tayoyi da yake kwanciya a kai ya sulale ƙarƙashin mota. A tsaye gurgu ne, amma da zarar ya kwanta a katakon nan, babu mai ƙafa biyu da zai kamo shi. Kuma ba shiru-shiru ba ne a lokacin, ina! Baki gare shi kamar me, in ya fara tsiya daga cikin rami sai masu shayi na tsallaken titi su riƙe ciki don dariya. Ni kuwa direba ne, tasi nake ja, kuma zuciya gare ni a kusa, wannan kun gada ba sai an ba ku labari ba.

A shekarun ne ƙananan motocin nan 'yan Kwatano suka cika gari ana haya da su. Tayoyinsu na baya a jikin ƙarfe ɗaya suke, wanda ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, kanikawa suna ce masa bim. Abin da ya riƙe shi a jikin bodi roba ce mai laushi, wato bushin. Baturen da ya ƙera motar shi da matarsa da karensu kawai ya lissafa. Mu kuwa sai mu danna mutane a baya har ƙofa ta ƙi rufuwa, mu cika but da buhunan masara, mu ɗaure akuya a kai. Idan ka shiga kwana da irin wannan lodi, gaban motar zai bi sitiyari, bayanta kuma ya yi nasa ra'ayin. Ta kwanta gefe guda, ta yi lilo, ka ji kamar wani yana tura ka daga baya. Direbobi nawa muka yi wa jana'iza a kan wannan, kowa ya ce ƙaddara, a shafa fatiha a tashi. Habu bai taɓa musun ƙaddara ba, amma cewa yake ita ma robar a duba ta.

Abin da ya ƙirƙiro ba shi da wani kwarjini a ido. Ya cire bushin mai laushin nan, ya yanko roba mai tauri ta babbar mota ya gyara ta daidai ramin. Sannan ya samo rodi na ƙarfen sifirin, mai lanƙwasa ya dawo daidai, ya shimfiɗa shi a jikin bim ɗin, ya kama bakinsa biyu da noti. Bai yarda da walda ba a wannan wurin, ya ce abin da ka liƙe da wuta ba ka da damar yin nadama a kansa. Sai ya huda ramuka a jere a jikin mariƙin da ke kama bakin rodin, yadda zai iya matsar da rodin gaba ko baya, ya ƙara masa tauri ko ya rage. A bayan kowace taya kuma yakan cusa siraran zobban ƙarfe, wato washa, don ta kalli gaba sosai. To a nan gizo yake saƙa, in ji masu magana, amma ni bari in faɗa muku kai tsaye: idan rodin ya yi laushi, ba a yi komai ba. Idan kuma ya yi tauri da yawa, motar za ta miƙe ƙyam a kwana, direba ya ji daɗi ya ƙara wuta, sai bayan ya ƙwace lokaci guda ba sallama. Wannan ta fi ta da haɗari, don ta da aƙalla tana yi maka gargaɗi. Tsakanin gyara da kisa rami ɗaya ne a jikin mariƙin nan, kuma kowace mota da nata ramin. Daga ƙasa ba a gane shi, sai wanda ya zauna a kujerar direba ya ji a ƙugunsa.

Nan ne aikina. Bayan sallar asuba, kafin titi ya cika, sai mu loda buhunan yashi a kujerar baya da but, in ja motar in nufi wata doguwar kwana a hanyar Madobi. In shige ta a hankali, in juyo in shige ta da wuta, in saki totur a tsakiyarta in ji me bayan zai yi. In na dawo zan tarar da shi a tsaye ya dogara da sandarsa, tun kafin in kashe mota yake jefo tambaya.

“Yaya ta yi?”

“Tana jan ƙugu a hagu. Kuma da na saki totur sai da ta yi mini barazana.”

“Ƙarya kake, tsoro ne ya kama ka. Jiya ma haka ka ce.”

“To hau ka gwada mana, tunda ni maƙaryaci ne!”

“Ɗan banza mara kunya. Miƙo mini sha bakwai.”

Sha bakwai sifana ce, kada ku ce ina ƙirga wani abu. Ya zage ni, in rama, ya sulale ƙasa ya matsar da rodin, in sake fita. Wani lokaci sai rana ta take muna wannan faɗan a kan mota ɗaya. Amma ranar da ta zauna daidai, kai! Za ka shiga kwana ka ji bayan yana bin ka kamar rakiyar amarya, ba gardama ba lilo. In na dawo ba na ma cewa komai, da ya ga haƙorana a waje sai ya buga sandarsa a ƙasa ya yi kabbara. Kafin wani lokaci direbobin Gwarzo da na Bichi sun fara layi a gindin badala. Har mun fara maganar mu nemi shago na gaske mu sa allo.

Ana cikin haka aka buga gangar siyasa. Gari ya rikice da fasta da lasifika, duk mai mota ya samu haya. Wani Alhaji ɗan takarar majalisar tarayya ya ɗauki motocinmu muna bin shi ƙauyuka, ni da tawa wadda Habu ya gyara da hannunsa, ina kwasar masu kiɗa da tabarmi. Rannan muna dawowa da la'asar babbar motarsa ta yi zafi ta tsaya a daji, ga shi ana jiransa a gari. Aka sauke makaɗan, ya shiga bayan tawa yana tattare babbar riga. Muna tafe da gudu, daidai wata kwana, sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ya tare rabin titi. Babu lokacin birki. Na karya sitiyari dama, na dawo da shi hagu, motar ta zagaye shanun nan ta koma layinta kamar ba a yi komai ba. Alhaji ya gama salatinsa, ya lalubo hularsa a ƙasa, sannan ya dafa kafaɗata.

“Malam Sale, wa ya koya maka tuƙi?”

“Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Aikin yayana ne a ƙasan motar. Da wata ce, da yanzu muna cikin rami.”

Ya yi dariya ya ce, “Ga iya aiki ga tawali'u.”

Bai ko tambayi yayan nawa ba, ban kuma sake tayar da maganar ba. Da ya ci zaɓe, kafin a rantsar da su, ya aiko a ce mini in shirya, ni zan riƙa tuƙa shi a Abuja, da albashi da ɗaki.

Maganar ta raba gidanmu biyu. Ummanku tana da cikin Sadiya a lokacin, muna cunkushe a ɗaki ɗaya da ku ukun farko, in an yi ruwa sai mun tara kwanuka. Ita tun a ranar ta fara ɗaure kaya, ba na kuma ganin laifinta, duk da har gobe in na tsokane ta cewa take ni na fara lissafin kuɗin makaranta. Inna kuwa ta ƙi. Kun san ba ta kiran sunan Habu, ɗan fari ne, sai dai ta ce mai gareji. Muna zaune a tsakar gida bayan magariba, ta ture kwanon tuwo gefe ta dube ni.

“Sale, mutum ɗaya Allah ya raba muku kai da mai gareji. Shi ya ba shi hannu, kai ya ba ka ƙafa. In ka tafi da ƙafar, da me zai taka?”

“Inna, Abuja ce fa, ba Makka ba. Duk wata zan zo.”

“Haka masu tafiya suke cewa.”

Habu yana gefe a kan tabarma yana ta murza wani noti a hannu. Ni kuwa shi nake jira. Wallahi da ya ce kada in tafi, da na zauna, ko da Ummanku za ta yi wata ba ta yi mini magana ba. Da na gaji da jira na ce, Yaya, kai me ka gani? Bai ɗago ba.

“Ka tafi mana. Direba ne babu a Kano? Ko'ina ka jefa dutse a kan direba zai faɗa.”

Maganar nan ta soke ni har ƙashi. Na ce a raina, au, ashe duk asubancin da nake yi, duk ran da nake sayarwa a kwanar Madobi, kowane direba ma zai iya? Na miƙe na kakkaɓe riga na ce to Allah ya ba da sa'a, sai ya nemi wani. Inna tana kira ban waiwaya ba. Sai da gemuna ya yi fari na gane abin da ya yi. Ya ga ɗakinmu, ya ga cikin Ummanku, ya kuma san halina sarai: in ya roƙe ni zan zauna, in ya yi mini fatan alheri zan yi ta jan ƙafa, amma in ya taɓa mini zuciya ko waige ba zan yi ba. Ya san inda notina yake, ya ɗaure shi daidai.

Ba zan yi butulci ba, Abuja ta yi mana rana. Da ita kuka yi karatu, da ita aka rufe ɗakin Inna da kwano sabo, aka kai ta aikin Hajji. Amma aikin ba tuƙi ba ne. Wata ƙatuwar mota aka ba ni mai canja giya da kanta, gilashi a rufe, sanyi yana busawa, kujera kamar katifa. Titi shimfiɗe ba rami. Alhaji yana baya da kofin shayi yana waya, babban abin da ake so a wurina kada shayin ya zube. Sauran yinin kuma zaman jira ne a ƙarƙashin bishiya tare da wasu direbobin, muna cin gyaɗa muna gulmar iyayen gidanmu. Na yi tumbi. Duk watan da na yi wa Inna alkawari ya koma Sallah zuwa Sallah, ita ma kwana biyu ne, rabinsu a ƙofar gidan Alhaji. In na haɗu da Habu mu gaisa, in ce ya aiki, ya ce Alhamdulillahi. Ni ina jira ya ce ya yi kewata, shi kuma ba zai faɗa ba ko za a yanka shi.

Sai da aka kwashi shekaru, Alhaji ya tafi ƙasar waje ganin likita aka ba ni dogon hutu, sannan na ji gaskiya. Matar Habu, Yaya Asabe, ce ta tare ni a soro da butar alwala a hannu, ta rage murya.

“Sale, ka san yayanka ya daina aikin rodin nan?”

“Haba dai! Ba direbobi ne suke masa layi ba?”

“Korarsu yake. Ya ce ba zai kashe 'ya'yan mutane ba.”

Ta ba ni labari. Bayan tafiyata ya gwada direbobi ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma ba ƙananan direbobi ba. Kowanne ya fita ya dawo sai ya rusuna ya ce, ta yi Malam, Allah ya ƙara basira. To ku ma ku duba mana. Dattijo mai furfura, ga lalurar ƙafa, ya fito daga ƙarƙashin mota jiƙe da gumi yana kallonka, wane ɗan mutunci ne a garin nan zai dubi idonsa ya ce aikinka bai yi ba? Ba a yi mana tarbiyya haka ba. Ni kaɗai nake iyawa, don ni ƙaninsa ne, tun muna yara muke dambe a kan ƙanzo. Da ya fara zargi, sai rannan ya cire rodin gaba ɗaya ya ɓoye, ya ba wani direba motar yadda ta zo. Mutumin ya dawo yana ta sa albarka, wai bai taɓa jin mota ta kama ƙasa haka ba. Daga ranar Habu ya koma canja bushin da shoka kamar kowane bakanike, irin aikin da ake samu a kowane lungu, ciniki ya yi ta ja baya.

Na tafi gareji. Rumfar ta yi tsatsa, babu layi, sai mota ɗaya a gefe an lulluɓe ta da tamfol. Muka gaisa. Can ya nuna ta da sanda, yana kallon wani wuri daban.

“Ta wani mutumin Bichi ce, na ce masa ya yi haƙuri akwai abin da nake jira. Wata dabara ce ta zo mini, na sauya yadda rodin yake kama bim ɗin. Ina jin ta fi duk na baya. Gobe bayan asuba, in kana da hali.”

Na ce ina da hali. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

Da safe muka loda yashi kamar da, har yana tsokanata wai tumbina kaɗai ya isa lodi. Na ja mota na kama hanyar Madobi. Kwanar tana nan inda na bar ta. Na tunkare ta, sai na ga ƙafata ta taka birki da kanta tun daga nesa, irin na mai tsoron zubar da shayi. Na yi tsaki, na juyo, na shige ta da wuta. Na kasa kunne, na kasa ƙugu, ina jiran motar ta yi mini magana. Shiru. Na ji ta motsa, amma ban san ko bayan ne yake ja ba, ko iska ce, ko gabana ne yake faɗuwa. Na sake juyowa na saki totur a tsakiya. Wani abu ya faru, amma ko barazana ce ko lafiya ce, wallahi ban iya rabewa ba. Na yi ta zuwa ina dawowa har rana ta ɗaga, manyan motoci suka fara yi mini hon, rigata ta jiƙe sharkaf. Abin da nake ji da shi a da ya mutu a kan katifar Alhaji, ban ma san ranar da ya mutu ba. Na tsaya a gefen titi na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, ni da 'ya'yana biyar a lokacin.

Da na shigo gindin badala yana tsaye a inda ya saba, ya dogara da sanda, ya sa hularsa mai kyau. Fuskarsa kamar ta yaro ranar Sallah. Na kashe mota na fito, ya duba bakina bai ga haƙora ba.

“Yaya ta yi?”

“Yaya, ban sani ba.”

“Kamar yaya ba ka sani ba? Tana ja ko ba ta ja?”

“Ban ji komai ba. Na koma har na gaji. Wallahi ba na ji.”

Na so ya zage ni. Na so ya ce ƙarya nake, ya ce ɗan banza, ya kore ni in sake komawa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai, ya cire hular ya rataye a ƙusa, ya kwanta a katakonsa ya sulale ƙasa. Ina tsaye ina jin notuna suna faɗawa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya turo rodin waje ta gefen ƙafata, ya ce daga can ƙasa, a aika wa mutumin Bichi ya zo ya ɗauki motarsa.

Bai sake ɗaura wa wata mota rodi ba. Wataƙila wannan ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi a duniya, wataƙila kuma da ya kashe mutumin Bichi da fasinjojinsa. Habu ya rasu bai sani ba. Ni da na tuƙa ta, ga shi na tsufa, ni ma ban sani ba.